Amsa: Me ya sa nake biya fiye da niyyata a Kwari?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce duk sanda kika sayo atamfa a Kantin Kwari, sai kin koma gida ki ga kin biya fiye da niyyarki, alhali kin yi ciniki sosai.

Kuɗin farko da mai shago ya ambata shi ne yake zama turke a zuciyarki. In ya ce dubu 40, kika taya, ya yi ta albarka har ya sallama a dubu 30, sai ki ji kin yi nasara, ko da turmin bai wuce dubu 25 ba. Ba wauta ba ce, haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take. A 1974 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Amos Tversky da Daniel Kahneman, sun wallafa wani gwaji: an juya wa mutane faifai mai lambobi, ya tsaya a 10 ko 65, sannan aka tambaye su kashi nawa cikin ɗari na ƙasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ne na Afirka. Waɗanda suka ga 10 amsarsu ta tsaya wajen 25, masu 65 kuwa wajen 45. Lambar da babu ruwanta da tambayar!

Ni kafin in hau adaidaita sahu nakan tambayi mutum biyu farashi, in rubuta iyakata a waya, kuma ba na saye a shagon farko. In kika ji zuciya na cewa "ai na riga na ɓata lokaci a nan", wannan ma tarko ne, don lokacin ba zai dawo ba ko kin saya. Ki yi masa sallama ki leƙa layin gaba, in ya so ki dawo.