Data marar iyaka: ina gizo ke saƙar?

Tambaya: Malam, na sayi data wadda aka ce min marar iyaka ce. Kwana goma kacal ta koma tafiyar hawainiya. Cutata aka yi? Daga wani ɗalibi a Ɗorayi.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan magana ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, domin kullum sai mutum ya biya kuɗi sannan ya tuna da karanta sharaɗi. A can ƙasa, da ƙananan haruffa, an rubuta cewa idan ka cinye wani adadi na gigabait za a rage maka gudu. Datar ba ta yanke ba, maƙure ta aka yi.

Dalili kuwa, kowace eriyar sabis tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka, don zangon iskar da sabis ke bi, wanda hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ke ba kamfanoni lasisinsa, ƙididdigagge ne. Kamar famfon unguwa ne: idan mai kura ɗaya ya jera jarkokinsa tun safe har dare, masu bokiti sai kallo. Ka gwada buɗe bidiyo a Kantin Kwari da azahar, ka sake gwadawa a wurin bayan sallar asuba. Waya ɗaya, layi ɗaya, amma bambancin kamar sama da ƙasa. To ina ga an sakar wa kowa mara?

Ga kuma tsada. Eriyoyi da yawa janareta ke riƙe da su, ga dizal, ga kayan aiki da dala ake shigo da su. Shi ya sa a Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin 100. Duk da haka ina ganin kamfanoni da laifi: su rubuta iyakar ɓaro-ɓaro a jikin talla. Kai kuma da ka mayar da wayarka gidan kallo, kana raba wa 'yan ɗakinku shida, ka rage. Ni dai manyan abubuwa da tsakar dare nake saukewa, da garaɓasar dare.

Tambaya: Yaya zan ga ragowar datata? Daga wata baiwar Allah a Kurna.

Amsa: Hajiya, danna *323#, duk layukan lamba ɗaya ce yanzu.

Tambaya: Datata na ƙarewa ko ban taɓa wayar ba. Daga Rijiyar Lemo.

Amsa: Ba aljanu ba ne, malam. Shiga Play Store ka hana manhajoji sabunta kansu, sannan ka kashe saukar bidiyo kai tsaye a WhatsApp.