Filin Tambaya da Amsa: Gane Tsoffin Mabuɗan Matoshin Kwalba

Tambaya: Assalamu alaikum. Na samu wani mabuɗin matoshi mai gangar tagulla da mariƙin ƙashi, da ɗan buroshi a gefe guda. A jikin gangar akwai tambarin zaki da rubutun NE PLUS ULTRA. Mai sayarwa ya ce na 1802 ne. Gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Rabin gaskiya ya faɗa maka. A 1802 Edward Thomason na birnin Bamingam a Ingila ya yi rajistar wannan ƙira, amma rajistar ƙirƙira a lokacin shekara 14 take yi. Da wa'adin ya cika, wasu maƙeran birnin irin su Dowler da Heeley suka ci gaba da ƙera irinsa shekaru da dama, kowa yana manna tambarinsa. Saboda haka 1802 shekarar ƙirar ce, naka kuwa yana iya zama na 1820 ko na 1870.

Fara da gwada aikinsa. A cikin gangar akwai sanda biyu masu zare, ɗaya cikin ɗaya, zaren ta ciki na dama, na ta waje na hagu. Idan ka juya mariƙi dama, murɗaɗɗen tsinken da ke shiga matoshi zai sauka har ƙarshe. Ka ci gaba da juyawa ta wannan ɓangaren, sai sandar waje ta kama, ta ɗago tsinken da matoshin zuwa cikin ganga. In ya cije a inda aikin ke sauyawa, kada ka tilasta shi. Zaren tagulla ne, yana cinyewa.

Daga nan sai tambarin. Shi ne abin da aka fi yin algus da shi, domin ana cire tambari daga wanda ya lalace a liƙa wa wanda ba shi da shi. Duba gefensa da gilashin ƙara girma. Dalmar da ta shekara ɗari da hamsin takan yi duhu ta saje da tagullar; sabuwa tana ƙyalli, wani lokaci ma gam za ka gani. Buroshin na share ƙura da ɓarɓashin kakin da ake rufe bakin kwalba da shi ne. Gashinsa yakan zube, kuma masu tarawa ba sa ɗaukar sauya shi a matsayin babban aibi, muddin an faɗa wa mai saye.

Tambaya: Ina da guda 11 da na tara, yawancinsu babu sunan maƙeri, sai haruffa da lambobi. Ta ina zan fara sanin shekarunsu?

Amsa: Hajiya, waɗannan haruffan sun fi suna amfani. Sai dai abin da suke faɗa shi ne shekarar da abin ba zai girme ta ba.

Na Jamus tukuna. D.R.P. yana nufin rajistar ƙirƙira, an fara ta a 1877. D.R.G.M. rajistar ƙira ce mai gajeren wa'adi, ta fara a 1891, kuma ana ganin haruffan har wajen ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Na Faransa sukan ɗauki Breveté S.G.D.G., wanda aka yi amfani da shi daga 1844 zuwa 1968, tazara mai faɗi da ba ta yanke hukunci ita kaɗai. Na Ingila, alama mai kusurwa huɗu kamar daiman ɗin karta, da harafi ko lamba a kowace kusurwa, ta tsakanin 1842 da 1883 ce, kuma ana iya karanta rana da wata da shekarar rajista a cikinta. Daga 1884 aka koma rubuta Rd da lamba. Sunan ƙasar da aka ƙera abu kuwa ya yawaita ne bayan dokar Birtaniya ta 1887 da ta Amurka ta 1890.

Inda babu rubutu, sai a koma ga kayan da aka yi shi da su. Ƙarfen da ba ya tsatsa an gano shi a birnin Shefil na Ingila a 1913, ya ɗau shekaru kafin ya shiga irin waɗannan kaya. Rufin nikel yana da ɗan rawaya-rawaya, shi ya yi yayi a ƙarshen ƙarni na 19. Rufin kurom mai hasken shuɗi-shuɗi sai tsakiyar shekarun 1920. Sukurun da kansa ke da gicciye na shekarun 1930 ne zuwa sama. Idan a jikin mabuɗin akwai bakin ɓalle murfin lemo, to bai kai 1892 tsufa ba, shekarar da William Painter ya yi rajistar wannan murfi mai haƙora a Amurka.

Hattara da ƙira da ta daɗe ana maimaita ta. Mai naɗewa kamar wuƙar aljihu Carl Wienke ya yi masa rajista a Jamus a 1882, mai fukafukai biyu kuma Dominick Rosati a Amurka a 1930, amma har gobe masana'antu na fitar da su. Siffa kawai ba ta sa abu ya zama tsoho.

Idan cikin naki akwai 'yan ƙanana na waya guda da aka murɗa, da zobe a sama, kada ki raina su duk da arharsu. Irin ƙirar William Clough ce ta tsakiyar shekarun 1870, kuma kwalaben magani da turare da tawada aka yi su dominsu, lokacin da kusan kowace kwalba da matoshin ɓawon itace ake rufe ta.

Tambaya: Yaya ake gane an sauya murɗaɗɗen tsinken?

Amsa: Nan ne kuɗin mai saye ya fi salwanta, Malam. Tsinin shi ke fara karyewa, sai a goge ragowar a fitar da sabon tsini. Tsinin asali yana sirancewa a hankali yana bin lanƙwasar murɗin. Wanda aka sake feƙewa gajere ne, dakusasshe, da sawun magagari, kuma zagayen sun ragu. Cikakken tsinken babbar kwalba yakan yi zagaye huɗu da rabi zuwa shida. In ka ƙirga uku a kan mariƙi babba, an rage shi.

Sai mahaɗa, inda tsinke ya shiga sanda. Launin biyun ya kamata ya zama ɗaya, tsatsarsu ma iri ɗaya. Ɗigon walda, ko tsinke fari fat a jikin sanda baƙa, alamar haɗe-haɗe ce. Wannan ya fi muhimmanci ga nau'in Henshall, mai faifai kamar maɓalli a saman tsinke, wanda Samuel Henshall ya yi wa rajista a 1795, ta farko irinta, Matthew Boulton ya ƙera masa. Faifan yana danne matoshi ya juya shi har ya saki gilashi. An kwaikwayi ƙirar sosai. Na asalin ne ke ɗauke da OBSTANDO PROMOVES da SOHO PATENT a kan faifan.

Tambaya: Nawa sun yi tsatsa, mariƙan kuma sun yi rawaya. In goge su da samfefa su yi ƙyalli?

Amsa: A'a, ɗan'uwa. Samfefa da injin gogewa suna cinye rubutu, kuma duhun da shekaru suka bari a kan tagulla wani ɓangare ne na darajar abin. Jan tsatsa mai ci kawai ake cirewa. Ɗiga man keken ɗinki ɗigo biyu ko uku, bar shi ya kwana, sannan ka shafa a hankali da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000. Goge man tsaf, ka shafa siririn kaki, ka murza da tsumma. Kada mai ko ruwa ya taɓa ƙashi. Yana tsotsewa ya yi tabo, jiƙewa da bushewa kuma suna tsaga shi.

Ka san me mariƙin yake kafin komai. Ƙashi yana da 'yan ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe. Hauren giwa yana da layuka masu sarƙewa kamar raga a inda aka yanke shi, kuma cinikinsa tsakanin ƙasashe yana ƙarƙashin haramcin CITES, yarjejeniyar kare dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, tun 1990, don haka kada ka aika shi waje ba takardu. Na uku shi ne selulod, robar farko da ake kwaikwayon haure da ita, wadda Jamusawa suka yi mariƙa masu siffar ƙafafu da ita a shekarun 1890. Kada ka gwada shi da allura mai zafi, yana kamawa da wuta nan take. Idan ya fara ruɓewa yana fitar da tururi mai cin ƙarfe, saboda haka ware shi daban a inda iska ke shiga, nesa da rana. Sauran ka jera su a busasshiyar durowa, kowanne da gurbinsa don kada tsini ya karci mariƙin na kusa da shi.