Na biya kuɗin hutun amarci zuwa Maldives, yanzu ina so in fasa

Tambaya: Barista, barka da aiki. Na ba wani kamfanin shirya tafiye-tafiye a Kano rabin kuɗin tikiti da masauki domin ni da amaryata mu je tsibiran Maldives bayan biki. Mai kamfanin ya ce ba ruwanmu da biza. Yanzu an ɗaga bikin, kuma na ji ana iya juyo da mutum daga filin jirginsu. Na nemi kuɗina, sai ya nuna min inda aka rubuta a rasit cewa ba a mayar da kuɗi. Ina so kotu ta sa ya biya ni duka. In kuma muka daure muka je aka juyo da mu, wa zai biya ni?

Amsa: Malam, Allah ya sanya alheri. Ban ga rasit ɗin ba, ban ji ta bakin mai kamfanin ba, don haka abin da zan faɗa bisa labarinka ne kawai.

Kalmar "duka" ɗin nan ita ce matsalar. Dokar kare haƙƙin mai saye ta tarayya ta 2018, a sashe na 120, ta ba ka damar fasa abin da ka kama tun kafin lokacinsa, amma ta ba ɗaya ɓangaren damar cire abin da ya dace. Tunda kai ne ka fasa, da wuya alƙali ya ce a dawo maka da kowane kwabo. Idan an riga an yanki tikiti, ƙa'idar wannan tikitin ce za ta yi aiki, kuma mai araha sau da yawa ba a mayar da kuɗinsa sai wani ɓangare na haraji. Haka otal. Daga Disamba zuwa Afrilu ne lokacin cunkoson baƙi a can, sharuɗɗan fasawa sukan yi tsauri.

Shi ma mai kamfanin bai kamata ya fake da layi ɗaya a rasit ba. Rubuta "ba a mayar da kuɗi" ba ya soke doka. Abin da zai cire dole ya yi daidai da abin da ya kashe ko ya rasa, kuma shi ya kamata ya nuna. In bai yanki tikiti ba, bai tura wa otal komai ba, to da wace hujja yake riƙe da rabin kuɗin tafiyar mutum biyu? Mai gaskiya ba ya jin nauyin fito da lambar tikiti da takardar otal.

Batun biza kuwa, bai yi ƙarya ba, amma bai cika maka zancen ba. Maldives na ba masu yawon buɗe ido bizar kwana 30 idan sun sauka a filin jirgin Velana kusa da Malé. Wannan ba haƙƙin shiga ba ne. Jami'in shige da fice zai duba tikitin dawowa, tabbacin masauki da alamar kana da abin kashewa. Akwai fom ɗin IMUGA da ake cikewa a intanet cikin awa 96 kafin isa, da katin rigakafin cutar shawara tunda daga Najeriya za ku taso. In jami'in ya ƙi, babu kotun Najeriya da za ta tilasta masa, kuma kamfanin jirgi zai ce ya kai ku inda kuka biya. Inda za ka iya kama mai kamfanin shi ne idan laifinsa ne ya jawo, misali ya ba ku takardar otal ta bogi. Nan ma sai da shaida a rubuce, don haka kada ka goge hirarku ta WhatsApp.

Ban ba ka shawarar fara da kotu ba. Kuɗin lauya da zirga-zirga na iya cinye abin da kake nema. Rubuta masa takarda kamar yadda aka saba, ka nemi lissafin abin da ya biya da shaidarsa, ka ba shi mako biyu. Tunda ɗaga bikin aka yi, ka nemi a sauya ranar tafiya maimakon fasawa. Yawanci tarar sauya rana ta fi asarar fasawa sauƙi. In ya yi kunnen uwar shegu, ka kai koke hukumar kare haƙƙin mai saye ta tarayya (FCCPC), ko ƙungiyar kamfanonin shirya tafiye-tafiye ta Najeriya (NANTA) idan mamba ne, ko cibiyar sulhu ta babbar kotun jihar Kano. Sai sulhu ya gagara za a duba kotun ƙananan basussuka, in adadin bai wuce hurumin da aka yanka mata ba. Kafin nan kada ka ƙara masa ko sisi, kuma duk sabuwar ranar da kuka amince da ita, ya sa hannu a kai.