Bindiga ɗaya don harbin faifan yumɓu da farauta

Malam, ka tambaya ko bindiga ɗaya za ta ishe ka harbin faifan yumɓu (wanda ake cillawa sama a harbe shi don wasa) da kuma fita daji neman zabo da fakara. Za ta isa ƙwarai.

Ni dai shawarata, nemi mai baki biyu, wadda bakin ɗaya ke bisa ɗaya, lamba 12 (ma'aunin faɗin ramin bakin), tsawon baki inci 28. Mai inci 30 ta fi daɗin bin faifai a sama, amma ka saɓa ta daga asuba zuwa hantsi cikin karan dawa, kafaɗarka za ta gaya maka. Ka tabbata matsewar bakin irin wadda ake kwancewa a sauya ce: mai faɗi don faifan da ke kusa, matsattsiya don zabon da ya tashi daga nesa.

Abin da ya fi damuna shi ne dacewa da jikinka. Rufe ido, ɗora gindinta a kafaɗa, kunci ya kwanta a katakon, sannan ka buɗe. In idonka bai faɗa daidai kan layin bakin ba, bar ta, ko da ƙirar shahararren kamfanin nan Beretta ce.

Harsashi kuwa (lambarsa na nuna girman ƙwayoyin da ke cikinsa), lamba 7.5 ko 8 don faifai, 5 ko 6 don zabo.

Kafin ka fitar da ko sisi, je hedikwatar 'yan sanda da ke Bompai a Kano ka ji matsayin lasisi. Dokar makamai ta 1959 ba ta yarda a riƙe irin wannan bindiga babu shi ba. Dajin Falgore kuma keɓaɓɓe ne, ba wurin farauta ba.