Jiragen ruwan yawon shaƙatawa za su ƙara girma kuwa?

Malam, ka ce ko jiragen nan za su ci gaba da ƙara girma, to ni a ganina tsawon dai ya kusa tsayawa. Icon of the Seas da ya fara aiki a 2024 tsawonsa kusan mita 365, yana kwashe fasinja wajen 7,600, Titanic kuwa mita 269 ne kacal. Ƙera jirgin ba wuya, amma ina tashar da zai tsaya? Tun 2021 Italiya ta hana manyan jirage shiga tsakiyar Venis saboda suna lalata garin. Shi ya sa yanzu faɗi da hawa ake ƙarawa, injinan wasu jiragen kuma sun koma aiki da iskar gas, kuma wallahi ni hayaƙin ne ya fi damuna, ba girman ba.