Amsoshin Tambayoyinku: Na'urar Wasa, Waƙoƙin Shekara da Tsarabar Kirsimeti

Da zarar watan Disamba ya kama, wasiƙun da ke iso wannan fili sukan karkata ga abin da za a saya da kuma wanda za a ba, domin makarantu sun yi hutu, bukukuwan aure sun yawaita, Kirsimeti ta gabato, shafukan intanet kuma sun cika da jerin abubuwan da aka ce su ne gwarazan shekara. Ga huɗu daga cikin wasiƙun.

Tambaya: Ɗana mai shekara 12 ya yi ƙoƙari a jarrabawa, na kuma yi masa alkawarin na'urar wasa. Ya nace sai PlayStation 5, har ya kawo mini jerin wasannin da suka ci kyauta a ƙasashen waje. Shin in saya masa? Daga wani mahaifi a Zariya.

Amsa: Malam, Allah ya raya maka shi. Alkawari kaya ne, kuma ya kamata a sauke shi, amma kafin ka tambayi farashi ka fara duba wutar lantarkin unguwarku da kuɗin datar da kake iya kashewa a wata. PlayStation 5 ta fito a watan Nuwamba na 2020, kuma iri biyu ce: akwai mai ɗaukar faifai, akwai marar ɗauka. Ta biyun ta fi araha a kanti, sai dai duk wasan da za a buga a kanta dole a sauke shi daga intanet, alhali babban wasa guda yakan kai gigabait 50 ko ma ya haura 100, ga shi kuma yaro ba zai iya sayen faifai na hannu ko musaya da abokansa ba. Arahar nan ita ce za ta fi cin aljihunka daga baya.

Jerin da ya kawo maka, ina zaton na bikin The Game Awards ne da ake yi a Amurka kowane Disamba tun 2014. Alƙalansa ba sa zaɓe don yara. Elden Ring da ya zama gwarzon 2022 an ware shi ne ga masu shekara 16 zuwa sama, Baldur's Gate 3 na 2023 kuwa na masu shekara 18 ne. Astro Bot na 2024 shi ne ya dace da ɗan shekara 7, amma a PlayStation 5 kaɗai ake buga shi. Ana buga lambar shekarun a jikin kwalin kowane faifai, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18 idan na Turai ne, harafin M kuma idan na Amurka ne na manya. Grand Theft Auto V, wanda yara ke yawan ambato, lambarsa 18, kuma ba a banza aka ba shi ita ba.

Ra'ayina shi ne PlayStation 4 ta hannu mai lafiya ta ishi yaro irin naka. Tun 2013 take kasuwa, faifayanta sun wadata, kuma wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, ya ci gaba da fitowa a kanta. In ma daga baya ka saya masa sabuwa mai ɗaukar faifai, galibin faifayan tsohuwar za su yi aiki a cikinta. Kada ka biya sai an kunna ta a gabanka an buga wasa na ɗan lokaci, ka saurari ƙarar fankarta, ka kuma tabbatar ɗan wasan ba ya tafiya da kansa alhali ba a taɓa hannun wasan ba, wato abin da ake riƙewa a sarrafa wasan. Rarar kuɗin ka sayi ƙarin hannun wasa domin ƙannensa, da na'urar daidaita ƙarfin wuta. Kada ka haɗa katin bankinka da asusun yaron, domin wasan ƙwallon kansa yana sayar da 'yan wasa da kuɗi na gaske. A cikin saitin na'urar kuma akwai wurin da iyaye ke ƙayyade awannin wasa a rana.

Tambaya: Mahaifina ya haura shekara 70, kuma ba abin da yake so kamar waƙa. Na ga mutane suna wallafa waƙoƙin da suka fi saurare a bana daga Spotify, sai na yi tunanin biya masa kuɗin shekara guda. Ya kuke gani? Daga wata ma'aikaciyar jinya a Katsina.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri, amma ban ga alamar wannan kyauta za ta yi wa Baba amfani ba. Spotify ta shigo Najeriya ne a 2021, kuma jerin da take fitarwa a ƙarshen shekara ƙidayar abin da masu amfani da manhajar suka saurara ne kawai. Dubban mutanen da ke zuwa wajen masu turi a cika musu katin ajiya na waya da waƙoƙi, ko waɗanda ke aika wa juna waƙa ta WhatsApp da Xender, ba sa shiga wannan lissafi, saboda haka jerin bai isa ya gaya miki abin da dattijon Katsina ke so ba. Mutumin da ya taso da muryar Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ko Musa Ɗanƙwairo, ko kuntigin Ɗan Maraya Jos, yawancin abin da yake marmari tsofaffin ɗauka ne na gidajen rediyo da kaset-kaset, waɗanda an fi samunsu a hannun masu turi da kuma YouTube.

Ki saya masa rediyo mai caji da hasken rana, wadda ke ɗaukar katin ajiya, mai manyan maɓallai da zai iya lalubawa ko da dare. Aikin da ya fi sayen muhimmanci shi ne ki zauna da shi ya lissafa miki mawaƙan da yake so, ki sa a jera kowane mawaƙi a jakarsa daban, tare da karatun Alƙur'ani ko tafsirin da ya saba ji idan yana so. Ki kuma ajiye kwafin komai a wayarki, domin katin ajiya na jabu ya yi yawa a kasuwa kuma yakan mutu ba sallama.

Tambaya: Ƙanwata amarya ce, tana son fina-finai. In biya mata Netflix? Daga wani matashi a Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka fara tambayar ta abin da take kallo. Idan fina-finan Kannywood masu dogon zango ne, da yawansu masu su ke sa su kyauta a YouTube mako-mako, kenan data take buƙata. Biyan wata-wata kuwa, ranar da ka daina ya zama nauyi a kan angonta.

Tambaya: Zan tafi gida Kafanchan domin Kirsimeti, dangi suna da yawa, albashi kuma bai taka kara ya karya ba. Yaya zan raba tsaraba ba tare da na ɓata wa kowa ba? Daga wata malamar makaranta a Abuja.

Amsa: Malama, barka da shirin biki, Allah ya kai ki lafiya. Ki fara cire kuɗin motar dawowa da na makarantar yara na watan Janairu ki ajiye gefe, domin kuɗin mota yakan tashi a makon biki, kuma bashin Disamba shi ke sa Janairu ya yi tsawo. Abin da ya rage ki kasa shi gida-gida maimakon mutum-mutum: shinkafa da man girki da kayan miya da aka kai wa uwar gida sun shiga cikin kowa, kuma babu wanda zai ce an manta da shi. Iyaye kaɗai za ki ware wa tasu kyautar. Tun da lokacin hunturu ne, bargo mai kauri ko rigar sanyi za su yi musu amfani har zuwa Fabrairu. Idan atamfa kika zaɓa wa Mama, turmi guda yadi shida ne, amma ki sani teloli sun cika da ɗinki tun farkon wata, don haka ko dai ki kai ta da wuri ko ki miƙa ta a matsayin ta sabuwar shekara.

Game da ragin farashin da shagunan intanet irin su Jumia da Konga ke shelantawa daga Nuwamba, da sunan Black Friday da aka aro daga Amurka, ki gwada kuɗin kayan haɗe da kuɗin kawowa da abin da za ki biya a kasuwar Wuse kafin ki tura ko kwabo, ki kuma duba ranar isowarsa, kada ya zo kin riga kin tafi. Kaji kuwa ki aika kuɗi a saya miki a can gida tun makonni biyu kafin biki, a ci gaba da ba su dusa har ki iso.