An Canza Mini Maganin HIV, Ko Jikina Ne Ya Ƙi Na Farko?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekara tara ke nan ina shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki. Ƙwayar da nake sha da dare a da tana sa ni jiri da munanan mafarkai, daga baya aka mayar da ni kan wata mai suna TLD. Jirin ya tafi, amma na yi ƙiba har rigunana sun matse ni. Hankalina bai kwanta ba: ko tsohon maganin ne ya daina aiki suka ɓoye mini? Daga wata baiwar Allah a Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara lafiya. Kwantar da hankalinki, ba ke kaɗai aka canza wa ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa fara kowa da dolutegravir, wanda ke cikin TLD tare da tenofovir da lamivudine, kuma Najeriya ta mayar da mafi yawan masu shan magani kansa. Wancan jirin da mafarkan aikin efavirenz ne, wanda ke cikin tsohuwar ƙwayar. Na sha ganin mutanen da suka riƙa tsallake magani saboda gobe da kasuwa, suna tsoron tashi da kai a juye. Tsallaken nan shi ke ba ƙwayar cutar damar sabawa da magani. Dolutegravir ya fi saurin danne ta, kuma da wuya ta saba da shi.

Wannan ma ba shi ne canji na farko ba. A da sai an jira gwajin CD4, wato na ƙwayoyin garkuwar jiki, ya faɗi ƙasa da 200 kafin a fara bai wa mutum magani, aka ɗaga zuwa 350, aka kai 500, har a 2015 aka ce duk wanda aka samu da cutar a fara masa nan take. Waɗanda suka yi zamanin wani tsohon magani mai suna stavudine ba za su manta yadda kumatu ke zurmawa da ƙafafu ke zogi ba. Alhamdu lillahi, an bar shi.

Abin da zai raba miki gardama shi ne gwajin yawan ƙwayar cuta a jini. Ki ce a nuna miki sakamakonki na ƙarshe, haƙƙinki ne. In ya haura 1,000, akwai abin dubawa. In yana ƙasa da 200 kuma ya tsaya a haka, ba za ki sa wa maigidanki cutar ta hanyar auratayya ba.

Ƙibar kuwa gaskiya ce, an san TLD da ita, musamman ga mata. Kada ki ajiye magani saboda ita. A riƙa auna miki nauyi da hawan jini da suga, ki rage lemon kwalba da sukari a fura da shayi, ki riƙa ɗan tattaki da sanyin safiya. In maganin yana hana ki barci, ki yi magana a mayar miki da shi safe.

Inda na fi so ki kula: maganin ƙarin jini, da na ƙarfin ƙashi, da farin ruwan nan na gyambon ciki suna hana dolutegravir shiga jini daga hanji. Ki sha TLD awa 2 kafin su, ko awa 6 bayansu. Mai shan maganin tarin fuka na rifampicin kuwa sai an ƙara masa ƙwayar dolutegravir ta biyu, mai ciwon suga da ke kan metformin kuma a duba masa adadin da yake sha.

Da azumi, tun da sau ɗaya ake sha a rana, ki zaɓi sahur ko buɗa-baki ki tsaya a kai. Kuma da zafin nan namu na Sakkwato, in an ba ki na wata uku ko shida, ki ajiye gwangwanin a rufe cikin inuwa, nesa da taga da murhu.